Amsoshin Tambayoyinku: Me Binciken Masana Raɗaɗi Ya Tsinana wa Mai Ciwo a Damagaram?

TAMBAYA

 Ni ɗaliba ce mai koyon aikin likita a nan Damagaram. Ina da ƙane ɗan shekara 11 mai fama da emasi, wato ciwon sikila. Da hunturu ya kama, barci ya ƙare a gidanmu, don idan ciwon ya tashi har maƙwabta suna jin kukansa. A aji malaminmu ya ba mu labarin wasu masana biyu da aka ba lambar yabo ta Nobel saboda binciken yadda jiki ke jin zafi. Ya ce aikinsu ya yi tasiri ƙwarai, an ambace shi sau dubbai a mujallun kimiyya. Sai na tambayi kaina: ina tasirin yake, alhali ga ƙanena yana murƙususu a kan tabarma? Don Allah a bayyana mini abin da masu binciken raɗaɗi suka gano, da yadda ake auna tasirin mai bincike, da kuma ko akwai abin da mu 'yan nan za mu iya ƙarawa.

Daga wata ɗaliba, unguwar Birni, Zinder.

AMSA

 Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya saka wa mahaifanku da ke kwana zaune a kansa. Tambayarki daga ɗakin jinya ta fito, saboda haka ba za a amsa ta a tsaitsaye ba. Ki gyara zama mu bi ta daki-daki.

Me ya sa aka halicce mu da jin ciwo?

Amsar farko tana nan cikin garinku. Unguwar Kara-Kara, wadda Aisha Macky ta nuna wa duniya a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, tun asali wuri ne da aka keɓe wa masu fama da kuturta. Shekara da shekaru mutane sun ɗauka cutar ce da kanta ke cinye yatsu. Wani likitan fiɗa ɗan Birtaniya, Paul Brand, wanda ya fara aiki a asibitin Vellore da ke kudancin Indiya a 1946, ya zuba wa majinyatansa ido har ya gane cewa jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo ƙwayar cutar take lalatawa. Daga nan sai mutum ya ɗauki tukunya daga kan murhu bai ji ba, ya yini da ƙaya a tafin ƙafa bai sani ba, takalmi ya goge shi har ya yi gyambo yana ta tafiya a kai. Gyambo ya ruɓe, ƙashi ya kamu, yatsa ya gutsure. Abin da Brand ya gano ya sauya jinyar kuturta a duniya: takalmi mai laushi, duba tafin hannu da na ƙafa kowace yamma, hutar da ƙafa da zarar an ga rauni. Masu ciwon sukari ma da ƙafarsu ta daina ji, da wannan darasi ake kula da su har yau.

A 2006 kuma wani masani na Jami'ar Cambridge, Geoffrey Woods, da abokan aikinsa suka ba da rahoton wasu yara shida 'yan arewacin Pakistan da aka haifa ba su san ciwo ba ko kaɗan. Abin da ya ja hankalinsu shi ne labarin wani yaro da ke wasa a titi yana soka wa kansa wuƙa a hannu, yana taka garwashi. Yaron bai wuce shekara 14 ba ya rasu, bayan ya diro daga saman ɗaki. An gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ta samu naƙasu a jikin yaran, sai jijiyoyin ciwo suka kasa aika saƙo.

Kin ga ke nan ciwo mai gadi ne. Abin da masana ke nema shi ne yadda za a lallashe shi idan ya gama isar da saƙonsa, ko kuma idan ihunsa ya zama wata cutar ta daban, kamar yadda yake a wurin ƙanenki.

Hanyar da saƙon ke bi

Tun da daɗewa malamai ke bin diddigin wannan hanya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kasa ciwo iri 15 a littafinsa Al-Ƙanun, ya bambanta mai suka da mai bugawa da mai matsi da sauransu. A Turai kuwa, hoton da ya daɗe a zukatan likitoci shi ne na Bafaranshen nan René Descartes, wanda ya kwatanta jijiya da igiyar da aka ɗaura wa ƙararrawa: wuta ta taɓa ƙafa, igiya ta motsa, ƙararrawa ta kaɗa a ka.

Da aka samu na'urorin awo a ƙarni na 20, sai aka ga igiyar ba ɗaya ba ce. Akwai jijiyoyi masu sauri da ke kai saƙo tazarar mita 5 zuwa 30 cikin daƙiƙa guda, akwai masu nawa da ba sa wuce mita 2. Shi ya sa idan kika yi tuntuɓe za ki fara jin wani zafi mai kaifi nan take, sai bayan ɗan lokaci zogi ya biyo baya. Amurkawa biyu, Joseph Erlanger da Herbert Gasser, sun samu lambar Nobel a 1944 saboda rarrabe ire-iren jijiyoyi da saurin kowacce.

Amma kwatancen ƙararrawa ya kasa bayyana abubuwa da yawa. Me ya sa ɗan kokawa ke gama karawa kafin ya lura yatsansa ya goce? Me ya sa wanda aka yanke wa ƙafa yake kukan ciwo a ƙafar da babu ita? A 1965 Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Birtaniya suka buga wata takarda a mujallar Science, suka ce a cikin lakar gadon baya akwai wata mashiga mai kama da ƙofar gari, wadda ke buɗuwa ta kuma rufu. Saƙon taɓawa da shafawa yakan tura ƙofar ta rufe wa saƙon ciwo hanya. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da umarni daga sama, tsoro da fargaba su wangale ƙofar, natsuwa da shagala su rage ta. Uwar da ɗanta ya buge goshi ta murza wurin tana hura masa iska, da wannan ƙofa take aiki. Daga baya an gyara bayanai da dama a cikin takardar tasu, amma ginshiƙinta ya tsaya: jiki yana tace ciwo kafin mutum ya ji shi.

Shekara goma bayan haka, a 1975, John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano a birnin Aberdeen cewa ƙwaƙwalwa tana haɗa nata sinadarin kashe ciwo mai aiki irin na mofin. A 1983 kuma Clifford Woolf ya nuna cewa idan ciwo mai tsanani ya daɗe yana kwankwasa laka, jijiyoyinta sukan zama masu saurin firgita, har taɓawa kaɗan ta koma azaba. Ki riƙe wannan da kyau, don ya shafi gidanku kai tsaye. Duk tashin ciwon da aka bari ya yi kwanaki ba a kwantar da shi ba, yana iya sa na gaba ya fi shi tsanani. Saboda haka ne ƙa'idojin jinyar emasi suka nace a ba da maganin ciwo mai ƙarfi da wuri.

Masanan da malaminku ya ambata

David Julius da Ardem Patapoutian ne aka ba lambar Nobel ta fannin likitanci a 2021. Julius, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, da barkono ya fara. Bahaushe yakan ce yaji ya yi zafi, kamar yadda yake cewa shayi ya yi zafi, ashe harshe ya riga ɗakin gwaji faɗar gaskiya. A 1997 Julius da ɗalibansa suka gano wata 'yar kafa a bakin jijiyoyin ciwo, aka raɗa mata TRPV1. Sinadarin da ke sa barkono yaji yana buɗe ta, haka ma zafin da ya kai awo 43 a ma'aunin Selsiyos. A wurin jijiya, yajin kilishi da ƙunar ruwan zafi saƙo ɗaya ne. A 2002 shi da Patapoutian, kowa ta nasa ɓangaren, suka gano kafar da ke jin sanyi, wadda sinadarin na'a-na'a ke buɗewa. Abin da ya sa man zafi ke sa fata ta ji sanyi-sanyi ke nan. Patapoutian, haifaffen Beirut da ya yi ƙaura zuwa Amurka yana matashi, ya ƙara gano kafofin da ke jin taɓawa da matsi a 2010, ya kira su Piezo.

To ina haɗin barkono da emasi? A wannan cuta, wadda a Najeriya ake kira sikila ko amosanin jini, jajayen ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje idan iskar da suke ɗauke da ita ta ragu. Sai su toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi da tsoka su rasa iska, wurin ya kumbura, jijiyoyin ciwo su ɗauki kururuwa. Sanyin hunturu, ƙishirwar bazara, zazzaɓin cizon sauro da gajiya duk suna tayar da shi. A 2011 Cheryl Hillery da Cheryl Stucky, a wata kwalejin likitanci da ke Milwaukee ta Amurka, suka gwada ɓerayen da aka sa wa emasi, suka ga cewa kafar nan ta barkono tana da hannu a yadda jikinsu ke jin taɓawa kaɗan kamar duka. Da suka toshe ta, sai abin ya ragu. Ba domin binciken 1997 ba, da babu wanda zai san inda zai duba.

Sai dai tsakanin ɓera da ɗan'adam akwai tafiya. Magungunan farko da aka haɗa don toshe wannan kafa sun sa zafin jikin waɗanda aka gwada a kansu ya hau, wasu kuma suka rage jin ƙunar abu mai zafi, haɗarin da Kara-Kara ta riga ta koya mana. Wata kafar kuma, wadda John Wood da abokan aikinsa suka bayyana a Landan a 1996, sai a watan Janairun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko da ke toshe ta. Kusan shekara 30 ke nan daga ɗakin gwaji zuwa kantin magani. Haka wannan noma yake, wanda ya shuka ba lalle ne ya ga girbi ba.

Yadda ake auna mai bincike

Ki tuna zauren karatu. Idan malam ya kawo mas'ala yakan ce wane ya faɗa a littafi kaza, kuma malamin da aka fi jingina magana gare shi kowa ya san ya yi zarra. Masana kimiyya ma haka suke yi, kowace takarda tana ambaton waɗanda ta ɗora a kansu. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya fara fitar da kundin ƙidayar waɗannan ambato a 1964. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo wani awo da ake kira ma'aunin h: idan mutum yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, ma'auninsa 20 ke nan. Malaman jami'o'inmu, har da na Jami'ar André Salifou ta nan Zinder, suna samun ƙarin girma ta hannun hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, kuma takardun da mutum ya buga suna cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Don haka malaminku bai yi kuskure ba. Yawan ambato shaida ce cewa wasu sun samu abin ɗorawa.

Amma ƙidaya ba ta tantance ingancin abin da aka ƙidaya. A 1980 Jane Porter da Hershel Jick suka aika wa wata babbar mujallar likitanci ta Boston wasiƙa mai jimla biyar kacal. Sun ce cikin majinyata 11,882 da aka ba magani dangin mofin suna kwance a asibiti, huɗu ne kawai aka ga sun kamu da jarabarsa. Maganarsu a kan waɗanda ke kwance ƙarƙashin idon likita take. Sai aka ɗauke ta aka mai da ita hujjar cewa babu laifi a rubuta wa mutum irin waɗannan ƙwayoyi ya tafi gida ya yi ta sha wata da watanni. A 2017 wasu masana a Toronto suka ƙirga, suka tarar an ambaci wasiƙar sau 608, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na masu ambaton sun kafa hujja da ita ba tare da tantancewa ba. Amurka ta yi asarar rayuka dubun dubata a annobar waɗannan ƙwayoyi. A ma'aunin ƙidaya wasiƙar ta yi nasara, a rayuwar mutane kuwa ta taimaka wajen jawo makoki.

Ga wani misali daga maƙwabtanmu. A 2013 wasu masana a Grenoble ta Faransa suka sanar cewa sun samu tramadol, wato tramol, a cikin saiwar tafashiya da aka haƙo a Kamaru. Labarin ya zaga duniya, aka ce ashe itacen da masu maganin gargajiya ke jiƙawa shi ke haɗa maganin da wani kamfanin Jamus ya ƙirƙira a 1962. Shekara guda bayan haka, Michael Spiteller na Dortmund da abokan aikinsa suka koma suka auna. Suka tarar da maganin a saiwoyin arewa mai nisa ta Kamaru, har a cikin ƙasa da ruwan wurin, amma babu shi a tafashiyar kudu. Da suka bincika sai suka ji manoma na sha, suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki cikin rana. Fitsari da kashin dabbobin ne suka shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Takarda ta biyu ba ta yi amo kamar ta farko ba, amma ita ce ta tsare gaskiya, ta kuma tona yadda tramol ya ratsa karkarar yankinmu.

Idan kuwa kina son ganin tasirin da babu jayayya a kansa, ki dubi jarirai. Har cikin shekarun 1980 ana yi wa bakwaini fiɗa da ɗan abin sa barci kaɗan ko ma babu, bisa zaton jijiyoyinsu ba su nuna ba. Wani matashin likita ɗan Indiya, Kanwaljeet Anand, ya yi gwaji a Oxford, ya nuna a 1987 cewa jariran da aka ba maganin ciwo mai ƙarfi sun fi samun sauƙi bayan fiɗa, matsalolinsu sun fi ƙaranci. Cikin 'yan shekaru asibitoci suka sauya hali. Wannan darasi bai kamata ya tsaya a ɗakin fiɗa ba, ya shafi ranar suna da wanzami ke cire beli, ya shafi kaciya.

Saboda haka idan aka ce miki wane ya yi tasiri, ki yi tambaya uku. Shin waɗanda suka sake gwajin sun samu abin da ya samu? Shin ya sauya yadda ake jinya? Shin ya bar almajirai da suka wuce inda ya tsaya? Bayan waɗannan sai ki duba ƙidaya.

Inda igiyar ta tsinke

Yanzu ga gaskiyar da ta fi ɗaci. Yawancin abin da ƙanenki ke buƙata an riga an gano shi tun kafin a haife shi. An tace mofin daga tsiro tun farkon ƙarni na 19, kuma ba shi da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsanin maganin ciwo mai hawa uku a 1986, daga farasitamol zuwa mofin, gwargwadon tsananin ciwo. Duk da haka wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa a duniya. Dokoki masu tsauri, ƙarancin masu izinin rubuta shi, da tsoron kada majinyaci ya saba, su suka haɗu suka rufe ƙofa. A lokaci guda kuma ga tramol mai ƙarfin miligiram 200 ko 225 a hannun masu tallar magani a tasha da kasuwa, alhali wanda likita ke rubutawa 50 ko 100 ne. 'Yan kabu-kabu da leburori suna sha don gajiya, wasu ya kayar da su kamar masu farfaɗiya. Mai ciwon gaske ya rasa na asibiti, mai gajiya ya samu na titi.

Wannan ba ƙaddarar da ba ta gyaruwa ba ce. A Yuganda, likita Anne Merriman ta fara haɗa mofin na ruwa mai araha a 1993, kuma a 2004 gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, sai ya isa ƙauyuka. Game da emasi kuwa, tun 1995 aka tabbatar a Amurka cewa maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon. An daɗe ana ɗari-ɗari da shi a Afirka saboda zazzaɓin cizon sauro, har sai da likita Léon Tshilolo na Kinshasa da abokan aikinsa suka gwada shi a kan yara kimanin 600 a Kwango, Angola, Kenya da Yuganda. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har zazzaɓin ma ya ragu. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt sun gwada maganin wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu emasi. Ki tambayi likitan ƙanenki ko wannan magani ya dace da shi, don sai da awon jini a kai a kai ake shan sa.

Kafin nan, a kiyaye abin da aka sani: ruwa isasshe, rigar sanyi da safa tun kafin hunturu ya kankama, gidan sauro, gashi da tsumma mai ɗumi a inda ke ciwo, ban da ƙanƙara. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu ba a kwana da su a gida. Ku da kuke 'yan'uwansa kuma ku yi gwajin jini kafin aure, don idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai emasi.

Abin da ke jiran ku

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita Felix Konotey-Ahulu na Gana, wanda ya jagoranci sashen masu emasi a asibitin Korle Bu da ke Akara, ya bi salsalar cutar a cikin danginsa har zuwa 1670. Ya kuma nuna wa duniya cewa mutanen Afirka ta Yamma sun san ta, sun raɗa mata suna, tun kafin James Herrick ya bayyana ta a Chicago a 1910. 'Yan ƙabilar Ga suna ce mata cwecwecwe, 'yan ƙabilar Ewe suna cewa nuidudui, sunaye masu kwaikwayon ciwon da ke gwaguyar ƙashi ba ƙaƙƙautawa. Bai buƙaci na'ura mai tsada ba kafin ya yi wannan aiki. Kunne ya sa, da alƙalami.

Melzack ma, bayan maganar ƙofar laka, aikinsa da ya fi shiga asibitoci shi ne tattara kalmomi 78 da majinyata ke siffanta ciwo da su, ya tsara su a takardar tambayoyi a 1975. Hausa tana da nata rumbun. Zogi daban, raɗaɗi daban. Ciki yana murɗawa, kai yana sarawa, haƙarƙari yana suka, gaɓoɓi suna tsami, ƙafa tana yin yam-yam kamar kiyashi na tafiya a kai. Kowace kalma tana nuna wa likita inda zai duba, don ƙuna da tafiyar kiyashi sukan nuna jijiya ce ta taɓu, kuma irin wannan ciwo ba ya jin maganin da ke kwantar da kumburi. Idan aka tambayi tsohuwa daga Miriya ko Magariya da Faransanci ta zaɓi lamba daga sifili zuwa 10, an bar rabin bayaninta a ƙofar ɗaki. Wanda ya tattara waɗannan kalmomi, ya gwada su a kan majinyata, ya tsara su yadda ma'aikacin jinya zai yi amfani da su cikin minti biyu, ya yi wa masu jin Hausa daga Agadas zuwa Zariya aiki.

Akwai kuma batun dauriya. An tarbiyyantar da mu cewa mai haihuwar fari ba ta kuka, namiji ba ya raki. Sai majinyaci ya cije leɓe ya ce da sauƙi, a rubuta cewa ciwonsa kaɗan ne, wanda ya kasa daurewa kuma a ce ya cika raki ko ya saba da allura. Yadda kunya ke ɓoye ciwo a asibitocinmu abin bincike ne, kuma wanda ya tashi cikin al'adar ne zai iya gane shirun da ke nufin azaba. Haka ma abin da wanzamai ke yi da ƙaho da tsaga da sakiya: wa yake zuwa, don wane ciwo, me yake samu, wane lahani ke biyo baya.

Ki fara daga gida, 'yar'uwa. Ki sami littafin rubutu guda. Duk ranar da ciwon ƙanenki ya tashi, ki rubuta kwanan wata, yanayin gari, abin da ya yi a yinin, inda ciwon ya kama, maganin da aka ba shi da awa nawa aka yi kafin ya lafa. Ki tambaye shi wane irin ciwo ne, ki rubuta kalmar da ya faɗa da bakinsa, kada ki fassara ta. Bayan hunturu ɗaya ki kai wa likitansa littafin, ki kuma nuna wa malamin da ya ba ku labarin Nobel, ki tambaye shi yadda za a yi irinsa ga yara ɗari a Asibitin Ƙasa na Zinder. Allah ya ba yaron sauƙi, ya sa albarka a karatunki.